Kuɗin Ƙananan Hukumomi na Bukatar Sa Idon Jama'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomin riƙo.

Hukuncin abin yabo ne, amma ba zai gyara rijiyar burtsatse ko asibitin ƙauye ba matuƙar jama'a sun naɗe hannu. Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin rikicin manoma da makiyaya a kan burtali da mashaya daga ƙauye yake somawa, inda kansila da dagaci da arɗo za su iya sasanta shi kafin a zubar da jini, idan har mutane sun amince da su.

Saboda haka ina roƙon ciyamomi su riƙa liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a sakatariya kowane wata, a kuma karanta shi a rediyo da harshen da jama'a ke ji.

Naku,
Mai karatu daga Gusau