Zuwa ga Auta, a kan maganar mota

Assalamu alaikum, Auta.

Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Bauchi? Mu nan Gombe sai godiyar Allah. Na rubuto ne don in na kira ka a waya sai ka mai da komai wasa, ka sa ni dariya, mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba.

An nuna mini bidiyon. Kada ka tambayi wanda ya nuna mini, kuma kada ka huce a kan yayarka, ba ita ba ce. Na ga mota tana juyi a tsakiyar titi ranar ɗaurin auren abokinka, ƙura ta turnuƙe, tayoyi na ƙara, yara sun kewaye suna ihu. Ina ta cewa ba kai ba ne, har aka tsayar da hoton na ga hular da na saya maka da Sallah. Wai har kirari ake maka, ɗan Malam gado ba karambani ba.

Wane gado? Kana ƙarami lokacin da ƙarfin Malam ya fara raguwa, shi ya sa abin da ka riƙe kawai shi ne babanku mai son mota ne. Gaskiya ne, ya so ta, har nakan ce masa kishiyata ce. Peugeot 504 ɗin nan da ke rumfa, haɗin Kaduna, da bashin albashin koyarwa ya saye ta, mun sha tuwo da miyar kuka ba nama kafin ya gama biya. Kowace safiya bayan ya dawo masallaci sai ya buɗe bonet, ya duba ruwan lagireto da baƙin mai, ya bar injin ya yi ɗumi yana kasa kunne. Ranar Asabar da kansa yake wanke filogi da fetur a kan tabarmata. Bakanike bai taɓa yi masa ƙarya ya sha ba. Amma tun da na shiga gidan nan ban taɓa ganin ya taka totur don a tafa masa ba.

Tafiya da shi ma gajiyar da mutum take yi, don ba ya wuce wuri bai tsaya ba. Ka tambayi yayyenka. Za mu Bajoga gaisuwa, sai ya karkata kan mota zuwa Mbormi, ya sauke su a rana yana nuna musu inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas Turawa suka cim masa. Ya kai su Gombe Abba kabarin Bubayero, wanda ya kafa masarautar Gombe, ya sa suka haddace cewa daga nan aka mai da fada Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, inda muke zaune yau. Wanda ya manta ba ya shan rake a hanyar dawowa. Ranar da aka ba mu jiha a 1996, sauran jama'a na ta gudu da motoci suna hon a gari, shi yana zaune gindin rediyo da biro yana rubuta kwanan wata a bayan littafinsa. Mutumin da kake cewa ka gada ke nan.

Na san kana jin haushina tun da na hana ka makullin 504, ka ce wa kawunka na fifita ƙarfe a kan ɗana. Ka faɗi abin da ka ga dama. Da na ba ka, yau da ita za ka riƙa wannan haukan, motar da ya kai ni asibiti da ita ranar da zan haife ka. Kuma ba ƙarfen nake ji ba. Ka san abin da ya same mu a hanyar Alkaleri, ka san yadda Gwaggo ta koma tun daga ranar. Malam ya cika a kan gadonsa, muna kewaye da shi, ana masa kalmar shahada. Ni kuwa yanzu duk wayar da ta shigo bayan isha'i da baƙuwar lamba, sai na yi salati kafin in ɗauka. In kai ba ka tsoron ranka, yaran nan da suka kewaye ka fa? Birki ya ƙi sau ɗaya, da wane ido za ka kalli uwar wani? Da wane baki zan je mata ta'aziyya? Ban yafe ba in ka sake, Auta, kuma ka san ban saba furta wannan kalma ba.

Allah ya huci zuciyata. Na san ba mugun hali gare ka ba, ƙuruciya ce da zugar abokai, kuma cikin 'ya'yan Malam kai kaɗai ke gane ciwon inji daga ƙararsa kamar shi. Littattafansa na nan cikin akwati, gara ta fara taɓa na ƙasa, ni kuma ban san wanda za a ajiye da wanda za a kai makaranta ba. Ka zo ƙarshen wata mu duba tare, ka ga batirin motar ma, an ce ya mutu. Ka taso da safe, ban yarda da tafiyar dare ba. Ka taho mini da man shanu in ka samu mai kyau a kasuwar Muda Lawal.

Allah ya jiƙan Malam, ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Mahaifiyarka.