Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Masu Ciwon Sukari, Maraɗi

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Ga rahoton shekara kamar yadda dokar ƙungiya ta ɗora wa magatakarda. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun ma'aji, shi zai karanto muku a babban taro, amma ba zan tsallake maganar ba, don ita ta ɗaure kusan duk abin da muka kasa yi bana. Kuɗin mamba dala ɗari ne a wata, wato sefa 500. Mu da kanmu muka yanke shi, muka ɗaga hannu, ba a tilasta wa kowa ba. Duk da haka waɗanda suka biya shekarar cif ba su kai rabin sunayen da ke cikin littafi ba, wasu ma tun ƙaramar salla ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A kira waya, a ce ana Katsina sarin kaya. A je gida, yara su ce yanzun nan ya fita. Na san abin masarufi ya yi tsada, kuma wanda ba shi da hali in ya zo ya faɗa ana ɗauke masa, an ɗauke wa tsofaffi da dama ba tare da kowa ya ji sunansu ba. Wanda ke ci mini rai shi ne mai hali, wanda ba ya biya, ba ya zuwa, amma tsakar dare sai ga saƙonsa a WhatsApp yana tambayar yaushe ƙungiya za ta kawo sabon maganin zafin ƙafa na Amurka. Zan zo kan wannan maganin.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na Agusta da ruwa ya hana. An yi zaman shirin azumi a Fabrairu, an kuma kai gaisuwar ta'aziyya gidajen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama.

Na'urar awon sukari da wasu ke cewa kwamiti ya ɓoye tana nan cikin akwatin ƙungiya, lafiyarta ƙalau. Abin da ya ƙare shi ne ƴan tsinkayen da ake ɗiga jini a kansu, kuma kowane awo tsinke ɗaya yake ci, ba a maimaita shi. Da kuɗin wata aka shirya sayensu, kuɗin bai shigo ba. Haka rangadin Tibiri da Madarunfa da muka yi alkawari: an samu ma'aikaciyar jinya da ta yarda ta bi mu kyauta, kuɗin mota da mai ne suka gagara. Ba soke shi aka yi ba, an ɗaga shi ne, kuma ba daga aljihun ƴan kwamiti za a ci gaba da cike kowane giɓi ba, su ma da magani suke kwana suke tashi.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne taron ranar ciwon sukari ta duniya. 14 ga Nuwamba ta faɗo Juma'a, sai muka matsar da shi zuwa Asabar don kada masallaci ya raba mana jama'a, kuma shawarar ta yi kyau. Tun kafin hantsi tabarmi suka cika, aka aro benci daga makwabta. An zo daga Zariya, Ali Ɗan Sofo, Bagalam da Sabon Gari, har da mutanen da ba mambobi ba. Iyayenmu mata su suka riƙe wurin, su suka dafa abincin, babu sukari ko kaɗan a cikinsa, kuma ba a ji mai ƙorafi ba.

An fara da awon ƙafa. Kowa ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa bisa kujera, ya rufe ido, ma'aikaciyar jinya tana dangwala masa wani siririn zaren roba a tafin ƙafa da ƴan yatsu. Zaren an yi shi ne yadda zai lanƙwashe da nauyin giram 10, in ka ji ka ce na ji. Wani dattijo da ya zo da ƙafarsa, yana raha da kowa, aka bi tafinsa gaba ɗaya yana nan shiru, har ya buɗe ido ya ce, "Ƴata, ba ki fara ba ne?" Da aka buɗa tsakanin yatsunsa sai ga ɗan gyambo da bai san da shi ba. Ranar aka wanke aka ɗaure, aka rubuta masa takardar zuwa asibiti. Ko wannan kaɗai aka yi, kuɗin hayar rumfa sun halatta. An gargaɗi kowa da kowa, tunda hunturu ya kawo jiki, kada a kusantar da ƙafa ga garwashi ko a tsoma ta ruwan zafi ba a taɓa da hannu ba, don ƙafar da ta daina ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba.

Sai likitan da muka gayyato ya tashi, kuma Allah ya saka masa, da Hausa ya yi bayani daga farko har ƙarshe. Ya ce sukarin da ya daɗe yana sama yana lalata jijiyoyin ji da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, kuma jijiyoyi mafi tsawo su ke fara taɓuwa, shi ya sa abin ke farawa daga yatsun ƙafa, ƙafa biyun tare, ya fi tsanani da dare. Kusan rabin masu ciwon sukari suna gamuwa da lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu. Wani tasa ƙafar mutuwa take yi, wani kuma zugi da raɗaɗi ne, kamar ya taka garwashi. Magungunan da ake ba mu yanzu, amitriptyline, duloxetine, pregabalin da gabapentin, rage zafi suke yi, ba su gyara jijiyar da ta lalace. Ya kuma ja kunne kan tramol da wasu ke saye a bakin hanya: yana kama mutum, kuma ba shi ne maganin farko na wannan ciwo ba.

Daga nan ya shiga maganar da ta tara yawancin mutane. Maganin da ake ta yawo da labarinsa a waya sunansa suzetrigine, na kamfanin Vertex, ana sayar da shi da sunan Journavx. Gaskiya ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Janairun 2025, amma don ciwo na ɗan lokaci, irin na bayan tiyata. Aikinsa toshe wata ƴar ƙofa ce da sinadarin sodiyom ke bi a jikin jijiyar da ke kai saƙon ciwo, tun kafin saƙon ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake sa ran ba zai kama mutum irin na tramol ba. A kan zafin ƙafar masu ciwon sukari kuwa, gwajinsa ake yi a mataki na uku, wato inda ake tara mutane da yawa a raba su ta ƙuri'a, wasu a ba su maganin, wasu ƙwayar da babu magani a cikinta, ba majinyaci ba likita babu wanda ya san wa ya samu me sai an gama. Farashinsa a can dalar Amurka 15 da rabi ne ƙwaya ɗaya, wajen jika tara kuɗinmu, wato sefa 9,000, kuma sau biyu ake sha a rana. Ƙwaya ɗaya ke nan ta cinye kuɗin watan mamba na shekara ɗaya da rabi. Masu turo saƙon dare sai su yi lissafi.

Ya ambaci wasu kuma. Akwai mirogabalin da Japan ta amince da shi a 2019, dangin pregabalin ne. Akwai filastar da aka yi da sinadarin yajin barkono mai ƙarfi, wadda Amurka ta amince a manna wa ƙafar masu ciwon sukari a 2020, ma'aikacin lafiya ke manna ta na minti 30 a asibiti. Nan wata hajiya ta ce in dai barkono ne ai tana da shi buhu guda, aka yi ta dariya, likita ya roƙe ta don Allah kada ta gwada.

Amma a ganina abin da ya fi amfanar mu shi ne binciken da aka yi a Birtaniya, a cibiyoyi 13, ƙarƙashin Farfesa Solomon Tesfaye na Sheffield, wanda mujallar Lancet ta buga a 2022. An gwada hanyoyi uku: a fara da amitriptyline, ko pregabalin, ko duloxetine, in bayan mako 6 zafin bai sauka yadda ake so ba a ƙara na biyu a kai. Duk ukun kusan kunnen doki suka yi. A ma'aunin da ke tashi daga sifili zuwa 10, matsakaicin zafi ya sauko daga 6.6 zuwa 3.3 a mako na 16, kuma waɗanda magani ɗaya bai wadatar ba sun ƙara samun sauƙi da aka haɗa musu biyu. Amitriptyline tsohon magani ne mai araha, ga shi bai gaza masu tsada ba. Likita ya ƙara da cewa ba kowa ya dace da shi ba, yana sa barci da bushewar baki, mai ciwon zuciya da tsoho tukuf sai an yi taka-tsantsan, pregabalin kuma yana sa jiri kuma ana rage shi ga mai ciwon ƙoda. Don haka ba a ce kowa ya ruga farmasi ba, an ce a koma wurin likita a faɗa masa gaskiya in wanda ake sha bai yi ba, maimakon a watsar a koma ga mai tallar magani a faranti. Wanda ya daɗe yana shan maganin sukari na metformin kuma ya nemi a duba masa bitamin B12, don ƙarancinsa ma yana taɓa jijiya.

Wani matashi ya tambaya ko za a taɓa yin irin wannan gwaji a nan. Likita ya tuna mana cewa an yi babban gwaji a jiharmu: allurar rigakafin zawon yara ta ɗigon baki da aka gwada a Madarunfa kan jarirai fiye da 3,500, tare da cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF, sakamakon ya fito a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2018. Ya ce masu bincike inda aka san adadin majinyata da halin da suke ciki suke zuwa. Ya kuma ce gwajin gaskiya sai da izinin kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, sai an karanta maka takarda da harshen da kake ji ka yarda, kana da ikon fita ran da ka so, kuma ba a karɓar kuɗinka. Duk wanda ya zo da kwalba ya ce maganin gwaji ne daga waje, kawo jika kaza, ɗan damfara ne.

Wannan ya dawo da ni ga aikin da ya fi kowanne tsaya mini a rai, rajistar masu zafin ƙafa da muka buɗe tun bara. Takarda ce shafi ɗaya: shekarunka da ciwon, inda ke maka zafi, maganin da kake sha, sakamakon awon zare. Babu wata cibiyar bincike da ta tuntuɓe mu, kada a fita da labarin da ban faɗa ba, amma ko don mu san masu buƙatar a riƙa duba musu ƙafa ya kamata a ce an gama ta. Ranar taron an cike da yawa, sai dai mafi yawan masu cikewar baƙi ne. Mambobinmu na asali, waɗanda suka fi kowa kukan rashin barci, takardunsu na nan fari fat. Wasu sun karɓa sun tafi da ita gida, ba ta dawo ba. Kwamiti ba zai cike wa mutum abin da ke cikin ƙafarsa ba.

Babban taro yana nan Lahadin farko ta Janairu bayan la'asar, a inda muka saba. Mai bashi ya zo da abin da ya sawwaƙa, ma'aji ya yarda a biya kashi-kashi. Mai takardar rajista a gida ya zo da ita, ko ba a cike ba, za a cike a wurin, kuma a sa takalmin da ke da sauƙin tuɓewa don za a sake awon zare. Za a kuma zaɓi mutum biyu da za su riƙa karɓar kuɗin wata a unguwanni, domin daga Janairu magatakarda zai tsaya ga rubutu kawai.

Wassalam,
Magatakardan ƙungiya