Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyar Matanmu ta Bronx

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa.

Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, ban da na azumi.

Kuɗin wata kuwa, wallahi na gaji. Fiye da rabinmu ba su cika nasu ba. Wata in na kira sai waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka, amma ranar suna ga ta nan da sabon leshi. Saboda haka kada a sake tambayata me ya hana asusun gaggawa tashi. Da me zai tashi?

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne taron da muka yi bayan babbar sallah kan shirin ɓoye adireshi na jihar New York, wanda ake kira ACP. Ɗakin ya cika har sai da muka aro kujeru a masallaci. Baƙuwarmu, ma'aikaciyar wata cibiyar taimakon mata, ta ce jihar Washington ce ta fara irin wannan shiri a 1991. Namu na nan kyauta ne. Wadda aka karɓa ana ba ta adireshin akwatin gidan waya a Albany, babban birnin jihar, shi za ta riƙa bai wa ofisoshin jiha da na birni, daga can a turo mata wasiƙunta inda take. Rajistar shekara 4 ce, ana sabuntawa.

Tambayar da aka fi yi ita ce wa ya cancanta. Wadda ta sha duka ko barazana a gidan aure, wadda wani ke bibiya, wadda aka yi wa fyaɗe, da wadda aka yi safararta. Namiji ma yana shiga, uwa kuma tana iya sa 'ya'yanta. Sharaɗin da ya ba mutane mamaki: sai kin tashi daga inda aka san ki, ko kina shirin tashi. Shirin ba ya goge adireshin da ya riga ya shiga takardu, kuma ba a turo kaya ko mujallu. Hajiya babba ta ce to ai shi ya sa ba a fafe gora ranar tafiya, mace ta san wannan tun kafin ta ɗauki jakarta. Sai da ɗakin ya yi tsit.

Ni abin da na ɗauka, gwamnati na iya ɓoye adireshi a takarda, bakinmu ne ba za ta iya rufewa ba. In 'yar uwa ta tashi, kada wata ta faɗa wa dangin miji unguwar da ta koma da sunan sulhu, ko ta sa hotonta a WhatsApp.

Fassarar bayanin fom ɗin shiga shirin zuwa Hausa da muka yi alkawari ba ta kammala ba. Waɗanda suka ɗaga hannu ranar taron, ɗaya ce kaɗai ta zo zama, kuɗin bugawa kuma yana cikin bashin da ake binku. Rabin aikin yana hannuna. Mai niyya ta same ni bayan taro mai zuwa, kowa kuma ta taho da kuɗinta, littafin yana jakata.

Sakatariya