Baki biyar, maƙogwaro ɗaya: jan kunne ga masu ƙara wa kwamfuta rumbu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu ɗaukar bidiyon biki da masu tace fim, domin akwai wata 'yar na'ura mai suna fot-maltifulaya, ta jona rumbun ajiyar bayanai da yawa a baki ɗaya, da ta shiga shagunan kwamfuta, ana sayar mana da ita ba tare da an faɗi rabin labarinta ba.

Ni sana'ata ke nan a Kano. Biki ɗaya, daga kamu zuwa ɗaurin aure da dina da buɗar kai, yakan cinye mini gigabait ɗari biyu ko fiye, kuma ba na iya gogewa, don amarya takan dawo bayan shekara biyu ta ce nata ya ɓace. Madabod ɗin kwamfutata, wato babban allon da komai ke jone da shi a cikinta, bakin SATA huɗu gare shi na jona rumbu, duk sun cika. Da bukukuwan bayan Sallah suka taso, na je wani shago neman mafita, yaron shagon ya miƙo mini wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, waya ɗaya ta shiga, biyar su fita. Ya ce, "Yallaɓai, fot-maltifulaya ke nan, ka jona kawai." Na biya, na haɗo da rumbu biyu sababbi, na ƙara da tsofaffi uku da ke ajiye a durowa.

Na jona, na kunna. Rumbu ɗaya tak kwamfuta ta gani. Na sauya waya, na sauya baki, har ƙarfe ɗayan dare ina durƙushe da tocilan a baki. Washegari saura kaɗan in koma in yi wa yaron rashin mutunci kan ya sayar mini da matattun kaya. Ɗan yayata mai gyaran kwamfuta ne ya tare ni. Ya ce, "Kawu, kayanka lafiya lau. Madabod ɗinka ne bai san yaren wannan abu ba." Ashe dole ne guntun lantarkin (chip) da ke kula da bakin SATA ya zama an gina shi da sanin wannan na'ura, kuma da yawa daga madabod na gida ba su da wannan. In babu, na farko kaɗai zai bayyana, sauran huɗun kamar ba a jona su ba. Sai da na ƙara sayen wani kati mai baki biyu da ake sokawa a gurbin PCIe, wato wurin ƙara kati a jikin madabod, sannan biyar ɗin suka fito.

Na ɗauka an gama. Ina!

A ƙa'idar SATA, baki ɗaya zai iya ɗaukar rumbu har 15 ta wannan hanya, amma wayar da ke komawa kwamfuta ɗaya ce, ba ta ƙara faɗi. Mafi saurinta, wato SATA ta uku, megabait 600 take ɗauka a daƙiƙa a rubuce, a aikace ma ba ta kaiwa. Rumbu mai juyawa guda ɗaya yana jan 150 zuwa 200. Ka ga uku sun isa su toshe ta, balle biyar. Tamkar rijiyar burtsatse ce da aka yi wa kan famfo biyar: layi ya rabu, amma ruwan bai ƙaru ba, kowa jarkarsa ɗis-ɗis take cika. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kwafe fim daga wani rumbu zuwa wani, duka a kan allon nan. Sai bayanan sun hau ta wayar, su sake saukowa ta ita. Aikin da nake gamawa kafin shayi ya huce ya koma sai na je Magariba na dawo. Kuma iri biyu ne tsarin: akwai mai barin rumbunan su yi aiki tare, akwai wanda sai ɗaya ya gama ɗaya zai fara. Ba wanda ya rubuta wannan a jikin kwalin da aka ba ni.

Ranar da na fitar da rai kuwa, ina tsakiyar haɗa fim ɗin wata amarya da za a karɓa da safe, ɗaya daga tsofaffin rumbunan ya fara ƙas-ƙas. Shi kaɗai ne mai ciwo, amma duk biyar ɗin suka ɓace daga fuskar kwamfuta lokaci guda, suka dawo, suka sake ɓacewa, saboda duk sanda kwamfuta ta yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, hanyar gaba ɗaya take sake tadawa. Wake ɗaya ya ɓata gari. Allah Ya sa katin kyamarar yana nan ban goge ba, da ban san bakin da zan yi wa dangin ango magana da shi ba.

A kula da wuta ma. Babban rumbu yana jan wajen amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin tashi. Biyar su tashi tare, a kan ƙaramar fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, da janareta mai tari, ba sai an faɗa ba.

Yanzu wani tsohon katin saba, wato na manyan kwamfutocin kamfanoni, nake amfani da shi, LSI 9211-8i, na hannu, wanda ke ɗaukar rumbu takwas kowanne da hanyarsa. Yana zafi sosai, sai da muka ɗaura masa 'yar fanka. Ɗan allon kuwa ban yar ba. Yana kan wata tsohuwar kwamfuta da nake ajiye bukukuwan shekarun baya, inda fim ɗaya nake buɗewa jefi-jefi, kuma a nan bai taɓa ba ni matsala ba.

Roƙona ga masu shago, ku riƙa tambayar mutum irin madabod ɗinsa da aikin da zai yi kafin ku karɓi kuɗi. Masu saye kuma, in kun ga kati mai arha da baki goma ko ashirin a kan ɗan siririn gurbin PCIe, ku nemi a faɗa muku lambar guntayen da ke ƙarƙashin ƙarfen sanyayarsa, don sau da yawa irin wannan na'urar ce aka jera a ciki.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai ɗaukar bidiyon biki,
Kano.