Babana, kada ka shiga jirgin nan da tocila ɗaya

Ƙofar Marusa, Katsina.

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai hazo da ya fara sauka. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi. Hajiya tana nan yadda ka san ta, kullum sai ta tambaya ko an ji daga wajenka.

Ba daga bakinka na ji maganar nan ba, kuma shi ne farkon abin da ya ɓata mini rai. Auta ce ta shigo tana nuna wa mahaifiyarka hoto a waya, wai ga Yaya da baƙaƙen kaya da tukunyar iska a baya, wai in an yi hutu za ku bar Iskandariyya ku gangara Bahar Maliya ku shiga cikin wani jirgi da ya nitse tun yaƙin Hitila. Da na matsa mata, sai ta nuna mini har tocilar da ka ce za ka saya ta intanet. Babana, ashe har yau ba ka san sana'ar ubanka ba?

Ban hana ka nutso ba. Wanda ya yarda ɗansa ya tafi karatun injin jirgin ruwa ba zai dawo yana hana shi taɓa ruwa ba. Ka san surutun da na sha a wajen baffanninka kan tafiyar nan, musamman bayan abin da ya same mu a madatsar ruwan Ajiwa, amma na tsaya maka, har gobe kuma ina tsaye. Abin da ba zan lamunta ba shi ne ka ɗora ranka a kan tocilar da ko a shago ba zan sayar wa mai gadi ba.

An rubuta a jikinta wai lumen 20,000, wato ma'aunin ƙarfin haske, alhali batir ɗaya take ci, irin 18650 ɗin nan da muke sa wa fitilun sola. Ƙarya ce tsagwaronta. Batirin nan, na kirki a cikinsa bai wuce 3,500 ba a lambar yawan cajin da ake rubutawa a jikinsa, duk wanda ka ga an buga masa 9,900 to jabu ne. Ka sha ganin ina ɗora su a sikeli: na gaske yana kai giram 45, na jabu kuwa ka ɗaga ka ji shi sakayau, in ka fasa ka tarar da ɗan ƙaramin batir an cusa a ciki. Batir ɗaya mai kyau, in zai ba da hasken lumen 1,000 na gaskiya, awa ɗaya da 'yan mintuna zai yi ya fara sanyi. To ina zai samo ƙarfin ninki ashirin? Wanda ya yi maka ƙarya a kan haske, me zai hana shi yi maka ƙarya a kan shigar ruwa?

Na buga wa yaron nan da ya koyi aiki a wajena, wanda yanzu yake aikin nutso a Fatakwal, muka daɗe muna magana har katina ya ƙare. Jirgin da za ku je, Thistlegorm, na Ingila ne, jiragen saman Jamus suka nutsar da shi a watan Oktoba na 1941, yana kwance a zurfin kusan mita 30 da babura da manyan motocin soja a cikinsa. Ka lissafa da kanka, sama da shekara 80 ƙarfe yana jiƙe a ruwan gishiri. A wannan zurfin, matsin da ke kan tocila ya ninka na doron ƙasa sau huɗu. Saboda haka rubutun "ba ta shan ruwa" ba ya nufin komai, wannan na ruwan sama ne. Ka nemi wadda aka rubuta mata zurfi da lamba, mita 100, mai zoben roba biyu a bakin murfi. Zoben nan kuwa, silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi in ta kwanta a kansa ta isa ta shigar da ruwa. Ka riƙa zare shi kana gogewa, ka shafa masa man silikon kaɗan, ba basilin ba.

Sai faɗin hasken. Ku yara kuna son mai baza haske ko'ina don hoto ya yi kyau. A cikin jirgi, inda ruwa ke cike da ɓurɓushin tsatsa da laka, mai bazawa makantar da kai za ta yi, kamar yadda ka sha gani in direba ya kunna cikakkiyar fitila cikin hazo a hanyar Jibiya, hasken ya dawo masa a ido. Babbar tocilarka ta zama mai tsinin haske, digiri 8 zuwa 12, wadda ke huda duhu ta nuna maka ƙofa daga nesa, abokin nutsonka kuma ya gane alamarka. Na san an koya muku: zagaye da haske lafiya ke nan, kaɗawa da sauri kuwa a kawo ɗauki. Da fitila mai bazawa wa zai bambance? Makunninta ya zama mai sauƙi, wanda za ka iya da safar hannu, ba irin mai canji biyar ba da sai ka bi ta kan walƙiya kafin ka iso inda kake so. Ta kasance mai maɗaurin bayan hannu, don yatsunka su samu riƙe igiya. Ka kuma tambayi tsawon lokacin da take yi a cikakken ƙarfinta, ya zarce lokacin nutsonka da aƙalla rabi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni barci shi ne mutuwar tocila. Na shekara da shekaru ina gyaran kayan wuta, ban taɓa ganin fitilar da ta yi sallama kafin ta ɗauke ba. Masu batirin caji ma sun fi muni, domin da yawansu in wuta ta yi ƙasa yankewa suke yi gaba ɗaya. Ina rufe ido sai in gan ka a wani lungun ƙarfe, sama rufi, gefe wayoyi suna reto, ka danna makunni ba komai. Ba ka san gabas ba, ba ka san ƙofa ba, agogon iska yana hannunka amma ba ka iya karanta shi. Ka tuna Harrison Okene, kukun jirgin nan Jascon-4 da ya kife a gaɓar tekunmu a watan Mayu na 2013? Kusan awa 60 ya yi a ƙarƙashin ruwa cikin baƙin duhu, a zurfi irin wanda za ka je, sauran abokan aikinsa goma sha ɗaya ba wanda ya tsira. Hasken tocilar mai nutso ya hango, ya miƙa hannu. Shi Allah Ya ajiye masa iskar da ta maƙale a wani ɗaki. Kai taka a tukunya take, kuma a mita 30 ba za ta kai ka awa guda ba.

Don haka uku nake so, ba ɗaya ba. Babba a hannu, ƙanana biyu a maƙale a ƙirji inda hannu zai same su ko ido a rufe. Ƙananan su zama masu murɗa kai, marasa tarkace, da sababbin batura irin waɗanda ba a caji, don su a hankali suke dusashewa. Ka kunna kowacce kafin ka faɗa ruwa. In babbar ta mutu, ka ɗauko ƙaramar ka kama hanyar fita, ba wai ka ci gaba da kallon babura ba. Na san halinka tun ranar keken nan.

Kuma kada fitila uku ta sa ka ji kai wani ne. In ƙafar wani ta tayar da laka, ko kumfar numfashinku ta kakkaɓo tsatsa daga rufi, tocilar duniya ba za ta nuna maka tafin hannunka ba. A nan igiyar da aka ɗauro daga ƙofa ce kaɗai hanya. Iska kuma a kasa ta uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓa shi. Masu koyar da nutson shaƙatawa ma ba sa barin ɗalibi ya wuce inda yake hango hasken rana. In ba ka yi horon shiga cikin jirgin da ya nitse ba, ka zagaya jirgin ta waje, ka leƙa, ka hau sama. Ba wanda zai tambaye ka takardar shaidar jarumta a Katsina.

Akwai wani jirgin kuma da na ji ana kai masu nutso kusa da Safaga, Salem Express. Wannan umarni nake ba ka, ba shawara ba: kada ka shiga. Daga Jidda ya taso a watan Disamba na 1991, ya bugi dutsen teku cikin dare, mutum sama da 400 suka rasu, da yawansu masu dawowa daga ibada. Maƙabartar Musulmi ce. In jirginku ya bi ta wajen, ka yi musu addu'a.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Babana, wai tsimin kuɗi kake yi. Wayar da ke hannunka nawa ce? A kanta ba ka yi tsimi ba, sai a kan abin da zai fito da kai daga cikin duhu? Kuma ka iya gaya wa ƙanwarka, ka ɓoye wa wadda ta haife ka. Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Na san kunyar tambayata kake ji saboda kuɗin makaranta na bana, kuma wannan kunyar a wajena ka gado ta, ba zan ga laifinka da yawa ba. Kuɗin da na ware na gyaran soro suna nan, soro zai jira bayan damina.

Ka je shagon masu kayan nutso da ƙafarka, ka riƙe tocilar a hannu, ka ɗauko mini hoton kwalin gaba da baya yadda zan karanta rubutun, kafin ka biya. In za ku hau jirgin sama, baturan caji a jakar hannu ake sa su, kuma ka bari kwana guda ya wuce bayan nutson ƙarshe kafin ka tashi. Ranar Juma'a bayan an sauko ka kira mahaifiyarka ka yi mata bayani da bakinka, ni ba zan ari bakinka ba. Hajiya kam ba mu gaya mata ba, kai ma kada ka soma.

Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.