Tsangwamar ɗalibai ta koma cikin waya

Zuwa ga Edita,

Na ga wasu iyaye na fatan mu kwaikwayi dokar Ostareliya ta 2024, wadda ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba buɗe shafukan sada zumunta. Dokar kuwa ba ta shafi WhatsApp ba, alhali can ne matsalar 'ya'yanmu take.

'Yar ƙanwata ta yi mako guda tana ƙin zuwa makaranta, domin ƙawayenta sun yaɗa hotonta tana gyangyaɗi a aji, suka kuma cire ta daga rukuninsu. Ba ta gaya wa kowa ba, don gudun a ƙwace mata waya.

Ina roƙon Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina da ta ware malami da malama a kowace sakandare, waɗanda ɗalibai za su kai wa kuka a asirce.

Naku,
Wani mahaifi, Ƙofar Soro, Katsina