Wasiƙa daga Gaɓar Shuɗin Nilu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya kai da iyali da su Inna, ga amsar tambayarka game da ƙauyenmu, inda yake da kuma yawan jama'arsa.

Muna gaɓar yamma ta kogin Shuɗin Nilu ne a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, kudu kaɗan da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakanninmu sun biyo sawunsa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida.

Ƙasar shimfiɗe take, babu dutse babu tsauni. Baƙar laka ce wadda take dararrewa da rani har kofaton jaki ya faɗa cikin tsagarta, idan kuwa ruwa ya zauna daga Yuli zuwa Satumba, babu abin da ke shiga ƙauyen sai tarakta. Gonakin dawa da riɗi suna bayan gari, amma albarkarmu tana bakin kogi, domin madatsar Sinnar da aka gama a 1925 tana tare ruwa har gabanmu, kuma duk lokacin da ya janye sai ya bar danshin da ake shuka albasa da kuɓewa. Masuntanmu ma da shi suke ci.

Batun yawanmu shi ne mai wuya. Rabon Sudan da ƙidaya tun 2008, kuma a ganina ko an yi ta yau ba za ta kama gaskiyarmu ba, saboda da kaka samari kan watse zuwa Gadarif da ke gabashin ƙasar yankan riɗi, a bar tsofaffi da mata da yara. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani, babban birnin jihar Jazira da ke maƙwabtaka da mu, a Disambar shekarar, 'yan'uwa suka yi ta kwararowa, har gidan da ke ɗora tukunya ɗaya ya koma ɗora uku, zaure ya zama ɗakin kwana. Wasu sun koma, da yawa kuwa sun nemi gona wurin mai gari, abin da ya fi damuna kuma shi ne ƙasar bakin kogin ba ta ƙaruwa.

Ka sa mu a addu'a, ka kuma gaishe mini da Malam da sauran abokai.

Wassalam,
Naka amini.